Sunan Baba a Jikin Kwalba

Hulme, Manchester

Yaya Rabi'a,

Assalamu alaikum. Ina fatan kina lafiya, ke da maigida da su Usama. Ya ƙafar taki, likita ya ce wani abu? Na rubuto ne don 'yar nan tawa Inaya ba ta barin kowa ya yi waya cikin sirri a gidan nan.

Kin san irin sha'ir ɗin da na ƙare ƙuruciyata a kansa, mai jure ruwa. Don abinci na yi shi. To kamfanin da nake wa aiki ya sayar da irin ga wani manomi, shi kuma bai ga abin yi da shi ba sai wiski. Taƙamar masu wiskin ita ce duk hatsin daga gona ɗaya ya fito, don haka komai sai sun rubuta a jikin kwalba: sunan gonar, shekarar girbi, sunan iri.

Al'adar kamfaninmu ce su raɗa wa iri sunan mai bincike, sunan ƙarshe. Ba wanda ya tambaye ni, wai ba-zata suka shirya mini. Yaya, UBAIDULLAH ne a jikin kwalbar giya, da ruwan zinare. Su a ganinsu sunan dangi ne da ba shi da mai shi. Na gaya musu mutum ne, mahaifina ne, yana raye, shi ke jan sallah a unguwarmu tun kafin a haife su. Shugabata Zoe ta dafa ƙirji ta ba ni haƙuri, irin haƙurin nan nasu da ba ya canza komai. An riga an rarraba kwalabe.

Lauya ya ce sunan iri mallakar kamfani ne. In na ajiye aiki, bizata ta tafi, karatun Inaya ya bi ta. Kullum ina zuwa ofis, ina murmushi.

Ƙanwarki,
Safiyatu

Hulme, Manchester

Yaya Rabi'a,

Sallama da fatan alheri. Na ga saƙonki, na gode da addu'a.

Ƙaninmu Nuru ya gama da ni. Ya ga rabin labari a intanet, ya garzaya ya yi wa Baba albishir wai Turawa sun karrama shi. Jiya Baba ya kira. Ya sa mini albarka, ya ce ya sanar a masallaci, kuma in aiko masa da abin da aka sa wa sunansa ya gani da idonsa.

Na kasa gaya masa, na kasa yi masa ƙarya. Na auno tsabar sha'ir ɗin na ƙulle a leda, ga ta nan tare da wasiƙar nan. Hatsi ne, halal ne, kuma sunansa ne. Ki ba duk mai tafiya Kano daga nan unguwarku Lozells. Idan ya ce zai shuka, a bar shi ya shuka.

Ki ja wa Nuru kunne kada ya karanta sauran.

Ki gaida yara.

Taki,
Safiyatu