Zancen Ɗaga Motar Baba

Gaya, 19 ga Agusta

Zuwa ga yayana Zakariya'u, a Agadas.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa, ina roƙon Allah takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da iyali baki ɗaya. Allah ya ƙara maka ƙarfin jiki, ya tsare ka a hanyoyin da kake bi. Mu nan sai godiya. Ruwa ya sauka sosai bana, kogi ya cika har ya taɓa gonakin shinkafa. Mai ɗakina Fatuma da yara suna lafiya. Inna tana can Tunuga wajen ƙanwarmu Bibata, ƙafafun nan dai har yanzu a kumbure suke, sai an kama ta take miƙewa.

Yaya, na ga gara in rubuto maka, domin duk lokacin da muka ɗauko zancen motar Baba a waya, ko layi ya katse ko muryoyinmu su tashi, ni kuwa ba ni da sauran ƙarfin gardama. Ka san motar nan, kat-kat ɗin Baba, ita ce ƙafar Inna, da ita nake ɗauko ta duk sati biyu zuwa asibitin Gaya. Abin da ban gaya maka duka ba shi ne yadda wata ranar Laraba ta kasance a watan jiya. Muna shiga fadamar da ke bayan gonakin shinkafa, cikin motar ya zauna daram a kan laka, tayoyi suna ta juyawa a banza. Tun hantsi muke wurin har aka kira azahar, Inna tana ciki, zufa tana zuba. Sai da wasu manoma suka kwance shanunsu suka jawo mu. Ko da muka iso asibitin, lokotoro, wato likitan da ke duba ta, ya tashi. Inna carbinta kawai take ja, kuma da ta yi faɗa da ya fi mini sauƙi.

Ka ce in ɗaga motar sosai, in sa mata tayoyi masu faɗi irin naku na can. Na kai maganarka wajen Alassan makanike kamar yadda ka faɗa, ban rage ba. Ya ce taya mai faɗi ta yashi ce, a lakarmu sulɓi kawai za ta yi, abin da muke bukata taya ce mai manyan haƙora da ke cizon ƙasa. Game da ɗagawa kuma ya ce in ta yi tsawo da yawa, siririyar hanyar nan da ke tsakanin gonaki, inda gefe ɗaya ya zaizaye, tana iya kifar da mu cikin ruwa. Wani makaniken ya ce Alassan tsoro gare shi. Na uku ya ce in sayar da motar in huta. Sati biyu ina yawo garaji zuwa garaji bayan na tashi daga aiki, kowa da tasa, har na fara jin ƙyamar warin man inji.

Saboda kada in yi maka rashin adalci, na ari motar wani abokina ɗan kasuwa wadda aka ɗaga irin yadda kake so, na je da ita Tunuga. Fadamar kam ta ratsa ta kamar ba komai, a nan ka yi gaskiya. Amma da muka zo sa Inna ciki, ta ɗaga ƙafa sau uku ba ta kai matakin ba. Ni da Bibata muka cicciɓe ta kamar jaririya, maƙwabta suna tsaye a ƙofar gida suna kallo, ita kuwa ta ja mayafi ta rufe fuskarta. Yaya, matar da ta goye mu ce. Tun a wurin na san ba zan yi abin da ka ce ba.

Don haka yatsa uku kawai aka ɗaga ta. An canza ƙarafunan da ke ɗauke da jikinta, waɗanda suka kwanta tun Baba yana da rai, aka sa tayoyi masu haƙora, sun ɗan fi na da girma. A kan gudron, wato kwalta, tana gurnani, man gazuwal ma ta ƙara sha, amma da ɗan kujerar katako Inna tana hawa da kanta. Larabar da ta wuce mun ratsa fadamar ba mu tsaya ba, muka sami lokotoro a zaune. Ka yi haƙuri da na saɓa maka.

Na zaci daga nan zan huta. A hanyar komawa sai Inna ta sa mini albarka, sannan ta ce sati uku ke nan muna ta zancen mota, ba wanda ya tambaye ta ko tana son tafiyar. Ta ce girgizar hanya ta fi mata ciwon wahala, ta gaji, ba za ta sake zuwa ba, kuma ba za ta bar ɗakinta ta dawo Gaya ba. Na lallashe ta, Bibata ta yi kuka, ko gezau. Abu ɗaya ta tambaya, yaushe za ka zo. Kai kaɗai take jin maganarka, kuma shekara uku rabonta da ganin fuskarka. Lokotoro ya sa mata rana, uku ga watan gobe. Ni na gyara abin da zan iya gyarawa. Don Allah, Yaya, ka nemi izini a wurin aiki ka zo kafin ranar.

Ka gaida mini Yaya Rakiya da kyau, da Muhyiddeen da Yasmin, Allah ya raya su. Fatuma da Bibata suna gaishe ku. Allah ya ba Inna lafiya, ya kawo ka cikin aminci.

Ƙanenka mai jiran isowarka,
Yakuba