Na Ce Da Sauƙi

Assalamu alaikum Edita da masu karatu. A sakaya sunana, kuma don Allah a ji ni har ƙarshe kafin a yanke mini hukunci.

Ni dillalin hatsi ne tsakanin Birnin Kudu da Gwaram tun ana ciniki da sule, ban taɓa sayen buhu ban zura hannu har gindinsa ba. Ina da ɗa mai shekara shida, bai taɓa cewa Baba ba. Ba kurma ba ne, don ko babur ya wuce daga nesa toshe kunne yake. Ba ya kallon ido, wuni yake yana jera ƙwayar wake a ƙasa, in ka taɓa ɗaya ya fasa kuka. A asibiti suka ce ba su ga ciwo ba. Sai aka yi mana kwatancen wani mai magani a Dingaya, ya ce iska ce. Ya lulluɓe yaron da bargo ya turara masa hayaƙi har ya shiɗe, ya ba mu wani gari a riƙa zubawa a kunu. Muka dawo, yaron ya daina ko jera waken, sai rakuɓewa a bayan ƙofa.

Uwarsa ta ce aljanin ne ke fita. Ni kuwa na yi abin da na iya, na gwada kaya. Na zubar da garin a ɓoye, na cika ƙullin maganin da garin kuka, na sa ido damina guda. Yaron bai ƙaru ba, bai ragu ba, ya dai koma wakensa. Ita kuwa sai ta ce, "Malam, ka ga yau ya kalle ni." In ce na gani. Me zan ce wa matar da sai yanzu ta fara barci? Duk wanda ya ce ya mai jiki, in ce da sauƙi. Wa ya taɓa amsa gaisuwar nan da wani abu daban?

Ashe gaisuwata ta zama shaida. Mai maganin yana faɗa a kasuwa cewa ya warkar da ɗan dillalin da ba a cutarsa. Jiya aminina, wani manomi daga Kiyako, ya riƙe hannuna ya ce da ya sayar da dawarsa zai kai wa mai maganin 'yarsa, ita ma ba ta magana, ga ta da ciwon ƙirji. Ya ce, "Da wani ne ban yarda ba, amma kai ba a sayar maka da ƙaiƙayi." Na ce Allah ya dafa, na ci gaba da awo. Wallahi ban ji komai a raina ba, kuma wannan ya fi ba ni kunya.

In na gaya masa, kafin la'asar matarsa ta gaya wa tawa, ita kuma ta san garin kuka take ta ba ɗanta da bismilla. In na yi shiru, yarinyar nan za ta shiga bargon. Dawar kuma ni zan saya.

Me zan yi?