Hannun Hagu a Bangon Zaure

Zuwa ga mahaifina, marigayi Malam Garba Magini.

Assalamu alaikum, Baba. Bayan gaisuwa ta ladabi da biyayya, ina fatan kana cikin rahamar Ubangiji. Ni ne Sanusi, autanka, daga Doha. Har yanzu ina tuƙa motar ma'aikata a Lusail, inda ake ta jera benayen ƙarfe da gilashi waɗanda na san da ka gan su da ka taɓe baki.

Maganar zaurenka ce ta sa na rubuto. Yaya Habu ya bugo ya ce zai rushe shi kafin ruwan farko, ya jera shaguna na bulo a wurin. Ya ce bango ya fara zubewa, kuma yanzu a Zariya ba mai sha'awar ginin ƙasa. Amincewata kawai yake jira. Na ce ya ba ni lokaci, domin ban san da wace hujja zan tare shi ba. Ka san Yaya da gardama.

To, akwai wani abokin aikina, Ramesh, Ba'indiye ne mai bin addinin Hindu. Mahaifinsa masassaƙin dutse ne a ƙauyensu, kuma yana cikin waɗanda suka sassaƙa duwatsun babban wurin ibadarsu da aka gina a Abu Dhabi. Nan Doha ba su da irinsa, sai 'yar kusurwa da Ramesh yake kunna turare a ɗakinsa. Tsohon bai taɓa barin Indiya ba, don haka bai ga ginin da idonsa ba. Shi ya sa da Ramesh ya samu hutu ya tafi ya gano masa.

Na san za ka ɗaga gira, Baba. Kwantar da hankalinka, yana addininsa ina nawa, salla ba ta wuce ni. Gini na kalla, kuma kai ka koya mini kallon gini.

Ranar Juma'a da la'asar muka zauna bakin ruwa a Wakra, muna shan shayi, ya buɗe mini hotunan ginin a waya. Mahukuntan Abu Dhabi ne suka ba su filin a cikin sahara. Dutsen waje jaja-jaja ne mai laushin launi, daga Indiya aka kawo shi, na ciki kuma farin marmara. Hasumiya bakwai ke tsaye a kai, kowace a madadin ɗaya daga masarautu bakwai na ƙasar. Ba inda aka bari fili: ga furanni, ga giwaye, ga raƙuma da shaho don girmama masu masauki. A Indiya aka sassaƙa kowane dutse da hannu, aka sa masa lamba, aka ɗauro shi a jirgin ruwa, a nan aka harhaɗa, wannan ya shige cikin wancan ya riƙe.

Sai Ramesh ya daki ƙirji ya ce da ni cikin Larabcinmu na 'yan ci-rani, "Ba ƙarfe, Sanusi. Ko rodi ɗaya babu. Dutse ke ɗauke da dutse."

Na tuna ranar da kake ɗaure bakan da ke riƙe rufin zaurenka, kana tura azara kaɗan kaɗan daga kowane bango, kana bin ta da ƙasa, kana barin ta ta sha rana kafin ka ƙara. Wani maƙwabci ya ce ka sa rodi ka huta. Ka ce masa, "Ƙarfe tsatsa yake yi a ɓoye. Ƙasa kuwa in za ta gaji, sai ta faɗa maka."

Ban san lokacin da na zaro wayata ba. Na nuna masa zaurenka: zankwayen nan huɗu, da bakan rufin, da zanen da ka yi a saman ƙofa. Ya tambaya ina ƙarfen yake. Na ce babu, tubali ne da azara da hannun ubana. Wallahi ban taɓa faɗin wata magana da alfahari irin wannan ba.

Ya ja hoton ya girma, ya daɗe yana duban sawun yatsunka a jikin yaɓe. Can ya ɗago ya ce, "Babanka bahago ne."

Wa ya gaya masa? Kai da ba ka taɓa miƙa wa kowa abu da hagu ba, ba ka taɓa kai loma da ita ba. Kaka ta sha ba mu labarin yadda ta yi fama da kai kana yaro har ka koma dama. Amma in ka hau bango, hagu ce ke aiki, kuma mu 'yan gida kaɗai muka san haka.

Ya ce daga inda yatsun suka faro da inda suka karkata ya gane. Nasa uban ma bahago ne. Da haka ya nemo aikinsa a cikin wannan tulin duwatsu: wani ganye a gindin ginshiƙi, bakinsa ya lanƙwasa saɓanin na sauran. Ya ɗauki hotonsa ya aika gida. Ya ce tsohon ya kalla ya yi ta kuka.

Kafin magariba na kira Yaya. Ya fara zuba mini lissafinsa, na ce ya dakata, ya ɗauko tsani ya ɗora hannunsa a kan zanen saman ƙofa. Ya yi mita, amma ya hau. Ya ce yatsun ba su zauna ba. Na ce ya gwada hagu.

Ya gwada. Da ya yi magana, muryarsa ta sauya. Ya ce, "Sanusi, sun zauna daidai."

Zaure yana nan, Baba. Ɗan'azumi, wanda ya koyi gini a hannunka, shi zai yi yaɓe kafin damina, ya bi shi da makuba, jiƙon ɓawon ɗorawa, yadda kake yi. Yaya da kansa ya gargaɗe shi kada ya kuskura ya taɓa saman ƙofa.

Allah Ya jiƙanka, Ya yalwata makwancinka, Ya gina maka gida a Aljanna wanda ba ya bukatar yaɓe. Amin.

Ɗanka mai alfahari da kai,
Sanusi.