Gadar Jabba da Lulluɓin Inna

Assalamu alaikum Baba. Bayan gaisuwa ta girmamawa da fatan kana cikin rahamar Ubangiji, na zo da ƙara ne, kuma kai nake ƙara.

Tun muna yara a Tambuwal ka cika mana kunne da jirgin ƙasan da kake bi zuwa kurmi fataucin goro. Kan jirgi baƙi wuluk yana aman hayaƙi, kukansa har cikin haƙori. Kullum labarin a wuri ɗaya yake ƙarewa: "Wanda bai ga Kwara bisa gadar Jabba ba, bai ga ruwa ba, ɗiyata." Ka yi wa Inna alkawarin kai ta, ka yi ta ɗagawa daga kaka zuwa kaka, har ka tafi ka bar ni da shi.

Bara likita ya ce idonta ƙarewa yake yi, ba kuma na aiki ba ne. Na ce to, kafin duhu ya rufe sai ta ga kogin nan naka.

Baba, ba ka taɓa gaya mana wahalar ba! Garinmu ko layin dogo babu, sai da muka sha mota har Zungeru, ƙafafun Inna suka kumbura suntum. Jirgin da ya zo ba mai hayaƙin nan naka ba ne, mai shan man gas ne, yana tafiya yana tsayawa kamar jakin da aka yi wa lodi. Cikin taragon zafi, ƙarnin kifi, ga wani mutum da kajinsa a gindin ƙafata. Na roƙi wata baiwar Allah ta bar wa Inna bakin taga, na goge mata tabarau ya fi a ƙirga.

Da hantsi aka ce ga Jabba. Ƙarar ƙafafun jirgi ta sauya, iska mai sanyi ta shigo, mutane suka yo taga. Ka san abin da matarka ta yi? Ta ja lulluɓi ta rufe fuska ruf, ta kama salati.

Na manta 'yar Kebbe ka auro. Can idan damina ta cika gulbi aka shiga kwalekwale, mace ba ta duban ruwa har a kai gaci. Kai ka san haka sarai, ka zauna da ita shekara da shekaru, amma ko sau ɗaya ba ka ce mini in shirya ba.

Na ja lulluɓin, ta riƙe. Na roƙa, na yi magiya, har na ɗaga mata murya a gaban mutane, abin da ban taɓa yi ba. Abin da ta ce kawai: "Ke, sakam mini! Ruwa ba a kallonai, jan mutum shika yi." Kafin in ankara mun sauka daga gadar, sai ciyawa. Wajen kokawa da mayafi ni ma ban ga komai ba. Haushi ya sa na yi kuka, mai kajin nan yana ba ni haƙuri.

Yanzu idon ya tafi gaba ɗaya, Baba. Da la'asar takan zauna a tabarmarka, jikoki su kewaye ta, ta ba su labarin Kwara: faɗinsa, tsibirin da ke tsakiya, masunta ƙanana kamar ƙuda, hasken rana a kan ruwa. Kalma bayan kalma yadda kake faɗa, har da tarin da kake yi kafin ka ce Jabba. Ran nan na kasa haƙuri na tuna mata ai rufe fuska ta yi. Ta juyo inda take jin muryata ta ce, "Malam ya riga ya gane mini. Ni ƙarar gadar nit tai ji, in tabbata ba ƙarya shika yi ba."

To ka ji. Ta tabbata. Ni ce dai har yau ban ga ruwa ba, kuma laifinka ne.

Allah Ya haskaka kabarinka, Ya shayar da kai daga koramun Aljanna. Idan ka gan su, don Allah ka riƙe labarin sai mun zo, wannan karon ka kai ta da kanka.

'Yarka da ba ta gama hucewa ba,
Hadiza