Abin da za a ɗinka mini a dasashi

Litinin, 3 ga Nuwamba
Ruwan alwala ya sake tsira mini har cikin kai. Na duba madubin ɗiyata Iklima, dasashin ƙasa ya janye, saiwar haƙora biyu a waje awa albasar da ruwa ya tone.

Alhamis, 6 ga Nuwamba
Mun dawo daga wurin likita a Sakkwato. Wai ni na gurje shi da aswaki, don ina dannawa da ƙarfi. In ba a lulluɓe saiwar ba haƙoran na iya zubewa. In sun zube, ina zan aza harshe in fitar da haruffa ga matan da nake ƙara wa karatun Alƙur'ani?

Abu ukku ake ɗinkawa. Naman ganɗata, ya ce shi ya fi kamawa, amma rauni biyu ke nan. Na alade, ban bari ya ƙarasa ba. Sai fatar wani mamaci da ya yi kyautarta, an wanke ta har ba sauran komi nashi sai saƙar. Na ce a'a, a hankali.

Asabar, 8
Ƙanena Nuraddeen ya biyo daga mahautar Jega. "Yaya, nama kike nema ba ki gaya mini ba? Na cinya ko na wuya?" Na yi dariya, iska ta shiga, na gane kurena.

Lahadi, 9
Duk yini ina taɓa ganɗa da harshe. Nan harafin kaf ke fita, nan jim. In aka yanka, mi za ya rage? Likita ya ce tana cikowa. Bai ce karatu na dawowa yadda yake ba, ni kuma kunya ta hana ni tambaya.

Laraba, 12
Na tambayi Malam, maigidana, hukuncin fatar mamacin. Ya ce malamai da dama sun halatta saboda lalura. Na ce to ranar tashi wa za a mayar wa, ni ko shi? Ya ce, "Wanga sai Allah, Balaraba."

Mai fatar nan, namiji ne ko mace? Da wace magana yake kiran uwarsa? Ya san wani baki a nan Aliero za ya karanta Yasin da fatarsa?

Juma'a, 21
Ban ce na yarda ba. Na dai sa Iklima ta tambayi likita wace rana yake aiki. Bayan la'asar da nake jero mamatanmu a addu'a, Inna, Baba, Yaya Shehu, sai na ji na ƙara da mai fatar nan. Ban san sunan da zan kira ba, na ce Allah Ka san shi.