Giɓin da ke Shingen Inna Hasiya

Gada Biyu, Jos

Autana Haladu,

Sallama da gaisuwa. Ina Suwaiba da yaran? Allah ya yi muku albarka. Maƙwabciyata Malama Firisila ce ke rubutawa, ni ina faɗa. A waya ba ka barin in kai ƙarshen magana, takarda kuwa ba ta katse mutum.

Eh, na faɗi a lambu. Bokitin ruwa ne ya rinjaye ni tsakanin kabeji da karas. Ƙugun ya yi sauƙi. Amma zancenka na ko in koma Abuja ko ka shafe lambun da siminti, ban ɗauki ko ɗaya ba. Shekara arba'in da biyu ina gidan nan. Lambun ne ya yi mini yawa, ba gidan ba. Fangali goma sha ɗaya babanka ya bar mini, lokacin kuwa mu biyu ne kuma da ƙarfinmu.

Na kira Pwajok mai gyaran lambu. Bai taɓa komai ba, zama ya yi kan turmi tun safe har azahar yana kallon inda nake takawa. Na ce, "Kai, aiki ka zo ko kallo?" Ya ce, "Mama, ƙafarki nake tambaya." Ga abin da muka yanke: fangali uku kacal, alayyafo, tumatir da yakuwa, a ɗaga su har ƙugu don in daina sunkuyo. Duron ruwa ya dawo bakin ɗakin girki. Hanya ɗaya, mai faɗi, babu tudu. Sai benci a gindin bishiyar fiya.

Ka gaida kowa.
Mahaifiyarka, Hasiya

*

Abuja

Inna,

Bayan gaisuwa da fatan kin ƙara samun sauƙi. Na yarda da fangali ukun. Amma shingen ƙeranar nan dole a tumɓuke shi a ja katanga, musamman giɓin da ke ɓangaren su Malama Firisila. Awaki na shiga, mutum ma zai iya shiga, ke kuma ke kaɗai ce. Na riga na turo bulo. Idan ba a toshe ba, ƙarshen wata zan zo da mota mu taho tare. Ki yi haƙuri, Inna, ba na iya barci.

Ɗanki, Haladu

*

Gada Biyu, Jos

Haladu,

Ina gaisuwa. Bulonka ya iso, yana nan jibge a ƙofar gida.

Firisila ta ajiye biro, wai kar in faɗa. Na ce ɗauki ki rubuta, yaron nan har ya fara furfura.

Ka tuna rikicin da aka yi kana makaranta a Zariya? Ran Juma'a ne, da rana tsaka. Ƙofar gidanmu ba ta fituwa, ana ta ihu a layi. Ni da babanka da yayarka muka maƙale a bayan ɗaki. Sai muka ji sara. Mijin Firisila ne, Baba Badung, yake saran ƙerana da adda daga nasu ɓangaren. Ka san ruwan ƙerana, farin nan mai ƙuna. Ya fantsamar masa a ido, bai tsaya ba sai da ya buɗa inda mutum zai ratsa. Kwana huɗu muka yi a ɗakin da suke ajiye acca. Da ka dawo hutu ka sha tambaya me ya sami idonsa na hagu, muka ce ciwo ne. To ka ji ciwon.

Babanka ya ce muddin yana raye ba za a sake shuka komai a wurin ba. Ya cika alkawarinsa, yanzu saura ni.

Kuma ranar da na faɗi, wa kake tsammani ya ɗaga ni? Firisila ta ga hantsi ya yi ban leƙo mun gaisa ba, ta ratso ta nan. Da katanga ce, sai dai ka ji labari.

Hanyar da Pwajok ya fitar, daga ƙofar ɗakina ta tashi, a giɓin nan ta ƙare. Bai san komai ba, sawuna kawai ya bi. Awaki kuwa, ƙyauren kara ya ishe su.

In ka zo da mota, ka zo da abincinka, don za ka daɗe kana jira.

Allah ya tsare.
Mahaifiyarka, Hasiya

*

Abuja

Inna,

Na karanta sau uku. A ba Pwajok bulon ya ɗaga fangalin da shi. Giɓin kuma ya faɗaɗa shi yadda ke da Malama za ku wuce tare, amma ya rufe idonsa da kyau kafin ya sara.

Ina tafe ran Asabar, ni kaɗai. Ki gaya wa Baba Badung zan shigo gaishe shi, ba ta ƙofar gida ba.

Ɗanki, Haladu