Kofin da Ke Kan Ƙusa

Zuwa ga ƙanwata Gunnvor,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da maigidan da jikoki. Yaya ƙafar? Mu nan tsibiri sai godiya, ruwan sama ne dai bai gaji da mu ba.

Ɗana Sindre ya dawo gida. Gashin nan har kafaɗa yana nan, zanen ƙoƙon kan da ke damtsensa ma yana nan, kwalbar giyar ce babu. Ya ce ya karɓi Yesu. Na ce masa madalla, ai dama Shi bai ƙaura ba, kai ne ka yi nisa.

Kin san yatsun Oddny mai kaɗa mana a coci sun ƙi fiyano, tsufa ya zo. Sai Fasto ya roƙi Sindre ya ja mana waƙoƙin yabo da jitarsa. Ranar Lahadi ya kaɗa, kuma gaskiya ya iya. Da ya kai ƙarshe ya ɗaga wuyan jitar sama kamar yadda ya saba a gaban dubban masu ihu, ya tsaya yana jira. Shiru. Wani ya yi tari, Fasto ya buɗe Littafi.

A hanyar gida ya ce, “Baba, mutanen nan ba sa so na.” Na ce yaro, a ɗakin Ubangiji ba ma tafa wa kowa. Marigayiya uwarka ta tsufa tana waƙa a nan, ko sau ɗaya ba a tafa mata ba. Bai yarda ba. Mutumin da tafin hannu ya raina, shiru zagi ne a kunnensa.

Abokan kiɗansa na rok, kiɗan nan mai tsananin ƙara, suna ta bugo waya daga birnin Oslo, wai ya koma. Ba kiɗan nake tsoro ba, Gunnvor, abin da ake sha bayan kiɗan nake tsoro. Ki sa shi a addu'a.

Yayanki,
Halvard

Zuwa ga ƙanwata Gunnvor,

Bayan gaisuwa, na ga saƙonki, safar ma ta yi mini daidai. Allah ya ƙara sauƙin ƙafa.

Ga yadda aka ƙare. Lahadin da ta biyo, jakarsa a ɗaure take a bakin ƙofa muka fita. Kafin a fara, Oddny ta tare shi da sandarta: “Kai mai gashin doki, ina za ka da sauri haka? Kana baiti na uku muna na ɗaya. Ubangiji ba jirgin fito ba ne da zai tashi ya bar ka.” Ya haɗiye, da aka fara waƙa ya rage gudu, ya bi jan muryarmu. A ranar ne ya fara jin cewa ashe tsofaffin nan waƙa suke yi a bayansa. Amma da aka gama, shirun nan dai.

Muka sauka shan gahawa. Kin tuna ƙusoshin bangon kicin ɗin coci, kowane ɗan coci da kofinsa, baƙi kuma na takarda. Sindre ya miƙa hannu ga na takarda kamar kullum. Oddny ta make hannun.

“Wannan na baƙi ne.”

Ta nuna masa ƙusar da ke kusa da tawa, wadda ta daɗe ba komai a kanta. Yau kofin uwarsa ne mai shuɗin baki rataye a kanta, ashe Oddny ce ta adana shi tun ranar jana'iza.

“Kuma kowa shi ke wanke nasa,” in ji ta. “Nan ba otal ba ne.”

Ya daɗe yana wanke kofin nan, bayansa gare mu, mu kuma muka yi ta zancen farashin kifi don kada mu ga abin da bai shafe mu ba.

Jakar ta koma ƙarƙashin gado. Yanzu kullum da hantsi yana gidan Oddny, tana koya masa tsofaffin waƙoƙi tana masa faɗa. Jiya ta ce masa, “Ba laifi.” Ni da nake share mata dusar ƙanƙara tun ina saurayi ban taɓa samun haka ba.

Ki gaida maigida. Ubangiji ya kiyaye ku.

Yayanki,
Halvard